Ranar da Mamaci Ya Yi Magana a Rediyo

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Ko jikokina sai na jero sunaye biyu uku kafin in faɗa kan wanda nake kira. Amma akwai abin da ya faru a gabana a Jidda wanda ba zan manta da shi ba har ranar da ƙasa za ta rufe mini ido. 

A Ruwais aka haife ni, tsohuwar unguwar nan ta kusa da teku. Kakanninmu sun zo aikin hajji da ƙafa daga ƙasar Hausa, guzuri ya ƙare, suka zauna, mu kuma muka buɗe ido muka gan mu a nan. Lokacin da abin ya faru ina da aure da yara ƙanana. Shekarun da Rasha ta shiga Afganistan ne, duk majalisar da maza suka zauna ba a zancen komai sai yaƙi. Ni nawa yaƙin da turmi nake yi. Maigidana tsire yake sayarwa a bakin titi, Larabawa suna layi suna lashe yatsu, ni ce kuma mai daka masa yaji. Kullum bayan azahar zan jawo turmi jikin bango in yi ta dakan ƙuli da citta da barkono, in kuwa bai samu yajinsa kafin ya fita ba, ranar sai unguwa ta ji mu.

Bayan wannan bangon akwai wasu tsofaffi biyu, mata da miji, 'yan Buhara. Haka ake kiran duk waɗanda suka gudo daga ƙasashen Musulmin da Rasha ta danne ƙarƙashin mulkin gurguzu, ko daga wane gari mutum ya fito. Tsohon yana da tanda a bakin lungu, inda yake gasa tamis, faffaɗan burodin nan da ake ci da wake da safe. Ammi muke ce masa, ita kuma Khala, wato baffa da inna a bakin Larabawa. Da Larabci muke magana da su, nasu a karye, namu ma ba a miƙe sosai ba, amma muna fahimtar juna. Ranar da na fara shiga gidansu ina amarya, Khala ta zubo mini koren shayi a wani ɗan kwanon tangaran, ɗan kaɗan a ƙasa, bai fi kurɓi biyu ba. Na dawo gida ina cika ina batsewa, na ce da maigidana ban taɓa ganin rowa irin ta mutanen nan ba, ruwan zafi ma sai an auna. Sai daga baya na gane a wurinsu girmamawa ce. Ana zuba wa baƙo kaɗan ne don a yi ta ƙara masa, ya daɗe a zaune. Wanda aka cika wa kwano, ce masa aka yi ya sha ya tashi.

Ba su da ɗa ko jika a gidan, ban kuma taɓa tambaya ba. Sai ranar da na haifi 'yata ta fari, Khala ta shigo barka, ta karɓi jaririyar ta ƙura mata ido, kawai sai na ga hawaye na bin kumatunta. A ranar ta gaya mini. Suna da 'ya. Lokacin da suka gudo suna matasa, wanda zai tsallakar da su kogi zuwa Afganistan ya ce ba ya ɗaukar mai goyo, kukan jariri ɗaya zai sa a harbe kowa. Suka bar yarinyar wurin kakarta da nufin in sun samu wurin zama su aiko a ɗauko ta. Iyaka ta rufe a bayansu, ba ta sake buɗewa ba.

"Sunan da kuke jin ana kiran Ammi da shi ba nasa ba ne," in ji ta. "A jirgin ruwa ya tsince shi. A can, 'yar wanda ya gudu ba ta da aiki, ba ta da miji, wani lokacin ba ta da rai. An rubuta ta marainiya, shi ya sa take raye. Ya binti, 'yata, maganar nan ta tsaya a cikinki."

Na ce mata ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na kuma riƙe. Wajen shekara hamsin ke nan mutanen nan suna kare 'yarsu da abu ɗaya da ya rage musu, wato yin shiru. Labarinta kuwa sai an yi shekaru suke samun ɗan ƙyas. Gwamnatin can takan bar mutane ƙalilan su zo hajji, da masu sa musu ido a cikinsu. Wani lokaci ɗaya daga cikin alhazan zai ratso ta tandar Ammi kamar mai sayen burodi, yana miƙa hannu ya ce ƙasa-ƙasa, tana nan lafiya, tana koyarwa a makaranta, ta haifi namiji. Da wannan 'yar maganar tsofaffin nan za su rayu har wani ya sake zuwa.

Ana nan sai ga wata Baturiya ta shigo unguwa. Doguwa ce, abayar da ta saka ko idon sawunta ba ta kai ba, tana rataye da rakoda. Duktura ake ce mata. Ta ce daga wata jami'a ta ƙasarsu take, tana bincike kan rayuwar mutanen da suka gudo daga mulkin gurguzu: me suke ci, wace waƙa suke yi wa yara, yaya suke aure a ƙasar da ba tasu ba. Abin da ya kashe wa tsofaffin jiki shi ne ta iya yarensu. Khala ta ce irin na littafi ne, kamar kakarta ce ta taso daga kabari tana magana, amma dai yarensu ne a bakin baƙuwa. Ba gidansu kaɗai take shiga ba. Ta bi 'yan Buhara gida-gida, ta je wurin Habashawa da mutanen kudancin Yaman, waɗanda su ma irin wannan mulkin ya koro.

Gaskiya har haushi na ji. Na ce da maigidana, mu da muka fi kowa daɗewa a baƙunta, ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye mu ko waƙar raino. Yana soke nama a tsinke ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ke wa ya koro ki? Mu talauci ya ajiye mu a nan, shi kuwa ba wanda yake yaƙi da shi balle a biya kuɗin jirgi a zo jin labarinki. Khalas, shi ke nan, ki kama kanki. Banza ba ta kai zomo kasuwa." Na ce baƙin hali ne kawai irin nasa, shi kowa ɓarawo ne a wurinsa. Yau ga shi ya daɗe a ƙasa, ina ba shi gaskiyarsa.

Ba zan zalunce ta ba, Duktura tana da kirki. Tana cire takalmi tun daga bakin ƙofa, tana zama a ƙasa, tana kawo wa Ammi maganin tari. Shi kuwa, mutumin da sallama ma a taƙaice yake amsawa, sai ga shi ya zama kamar famfon da aka kwance. Ta bango nake jiyo shi yana ta zuba, har da dariya. Khala ce take ba ni labarin abin da ake tambayarsa. Da farko abinci ne da bukukuwa. Sannu a hankali aka koma kan yadda sojoji suka shigo garinsu, wa ya yi faɗa da su, me malaman lokacin suke faɗa wa mutane a masallaci. Daga nan sai, su waye cikin alhazan can suke zuwa tandarsa. Duk yana amsawa, amma da an zo kan suna, nasa ko na gari ko na wani mai rai, sai ya ce tsufa ya sa ya manta.

Sau ɗaya aka turo mota ta kai su wani gida a Abhur, can bakin teku inda manya suke da gidajen hutu, wai a can murya ta fi fita. Khala ta ce ba za ta shiga gidan baƙi ita kaɗai ba, na goya 'yata na raka ta. Maigadin wani mutumin Chadi ne mai zane uku-uku a kumatu, Hausarsa tsaf. Ya yi murna da ganina, ya kawo mini ruwan sanyi, har ya tambaye ni asalin garin kakannina. Aka shigar da mu wani ɗaki da ba shi da taga, an lulluɓe bangonsa da soso tun daga ƙasa har sama. Da aka rufe ƙofa sai duniya ta ɗauke. Teku yana nan kusa amma ba ka jin sa. Na yi tari, tarin ya mutu a bakina. A jikin bango ɗaya akwai gilashi, bayansa wani mutum na zaune da abu a kunnuwansa, bai gaishe mu ba, bai dube mu ba har muka fita. Yarinyar da ke bayana, wadda ba ta da rigima, ta yi ta tsala kuka sai da na fito da ita waje. Na ce a raina ɗakin nan ba na Allah da Annabi ba ne.

Bayan 'yan watanni tarin Ammi ya kwantar da shi. Aka rufe tanda. Kowa ya gan shi ya san tafiya ta zo. A nan ne Duktura ta kawo shawara. Ta ce wasu malaman jami'arsu za su je taro a can ƙasar su Ammi, akwai amintacce a cikinsu da zai iya sa kaset a aljihu ya kai wa 'yar hannu da hannu, ba wanda zai sani. Amma dole Ammi ya faɗi sunansa na gaskiya da garin da makarantar da take koyarwa, don a same ta, don ita ma ta yarda. Khala ta ƙi. Na jiyo su ta bango suna musu da yarensu, abin da ban taɓa ji ba tun da na zo gidan. Daga baya ta gaya mini abin da ya karya ta. Cewa ya yi, "In tafi ke nan yarinyar nan ba ta taɓa jin muryar ubanta ba?"

A kan gadonsa aka ɗauki saƙon, gadon kuwa yana jikin bangon da nake daka. Duktura ta leƙo ta roƙe ni in ɗan dakata. Na dakata, na jira, na jira, rana tana yin ƙasa, mai tsire yana ta yi mini tsaki a zaure. Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne na ci gaba da dakana a hankali. Ba a yi sati biyu ba Ammi ya rasu. Maigidana yana cikin waɗanda suka ɗauke shi, da hannunsa ya taimaka aka sa shi a kabari. Duktura ta zo ta'aziyya ta yi kuka, sannan muka daina ganin ta.

Khala ta shiga takaba. Ba ta da kowa, don haka da na gama aiki nakan shiga in zauna da ita. Akwai wata babbar rediyo ta Ammi mai gajeren zango, wadda yake kamo wata tasha da ke watsa shiri da yarensu daga waje zuwa can ƙasarsu. Khala ba ta damu da labarai ba, amma gidan ya yi mata shiru da yawa, sai ta riƙa kunna ta don ta ji ana yarenta.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar muna zaune, ina tsince mata shinkafa, rediyo na ta shuu tana magana tana ɗaukewa. Sai na ji daka. Dum, dum, dum, a hankali, daga wajen bangona. Duk macen da ta daɗe da turmi ta san muryar nata, nawa yana da tsagi a gefe, yana wata 'yar ƙara a ƙarshen kowane bugu. Na ce wace mara kunya ce ta shigar mini gida ta hau turmina ba sallama? Na ajiye tire na zagaya da saurina, bakina cike da masifa. Tsakar gida ba kowa. Yara sun fita wasa. Turmi yana kife inda na bar shi, taɓarya tana jingine da bango. Kuma ina tsaye ina kallon su, dakan bai tsaya ba.

Ban san yadda ƙafafuna suka mai da ni gidan Khala ba. Na same ta a tsaye tsakiyar ɗaki, ta ja mayafi ta rufe kanta kamar yadda take yi in namiji ya shigo. Daga cikin rediyon Ammi ne yake magana. Muryarsa ce, da shaƙewarta, da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara zance, a bayansa kuma turmina yana ta bugawa. Mutumin da aka binne, ga shi yana numfashi a ɗakinsa.  Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko a naƙuda.

Da aka gama aka sa kiɗa, Khala ta sulale ta zauna a ƙasa. Ta shiga fassara mini. Mai gabatarwa ya ce ga wani dattijo yana raye a ƙasa mai tsarki, yana da saƙo ga mutanensa, kuma duk mako zai yi musu magana. Sannan Ammi ya faɗi sunansa da na ubansa da garinsu. Ya kira sunan 'yarsa da makarantar da take koyarwa. Daga nan ya ce wa mutane su tashi, su ƙi azzalumai, wanda ya mutu a kan haka ya yi shahada. "Ya kashe ta," in ji Khala. "Shekara hamsin yana rufe da bakinsa, ya mutu sannan ya kashe ta."

Labari ya cika lungu. Wata maƙwabciya ta ce aljaninsa ne bai kwanta ba, a yi sadakar waina. Maigidana ya ce a ɗauki akwatin rediyon a jefa a teku kowa ya huta. Khala ta hana a taɓa shi. Alhamis ta gaba na daure na sake zama, amma wannan karon turmina na saurara ba Ammi ba. Sai na ji dakan ba daidai yake tafiya ba. Taɓarya za ta sauka sau biyu a jere kamar hannu huɗu ne ke riƙe da ita, can kuma ta tashi ba ta sauka ba. In ya zo kan maganar tashi da yaƙi, sai dakan ya ɗauke ɗif, a ji wani shiru irin na ɗakin soson nan. Na ce, "Khala, ba fatalwa ba ce. Ɗinki aka yi." Labarin da ya bayar na abin da malamai suka faɗa a masallaci tun yana saurayi, shi aka yanko aka jona da saƙon 'yarsa, ya zama kamar yau yake faɗa da bakinsa. Sanin hakan bai rage mini tsoro ba. Aljani ka san ayar da za ka karanta masa, waɗannan kuwa ko fuskarsu ba mu sani ba.

Mai takaba ba ta fita, don haka na tasa maigidana a gaba sai mun je Abhur mun karɓo kaset ɗin. Ya ce, "Ke majnuna ce, kin haukace? Iƙamarmu, takardar zamanmu, tana hannun kafili mai tsaya mana, kina so a tattara mu a kai mu ƙasar da ko hanyar gidan kakanmu ba mu sani ba?" Na ce in ba zai je ba zan ɗauki tasi in tafi ni kaɗai. Ya aro motar wani abokinsa muka tafi da tsakar rana. Maigadin nan ne dai, da zanensa uku-uku. Na gaishe shi da fara'a, na tuna masa ruwan da ya ba ni. Ya dube ni kamar ya ga bango.

"Hajiya, ban san ki ba. Gidan nan tun da na kama aiki ba wanda ya taɓa zama a ciki."

Na ce ya ji tsoron Allah. Ya duba hagu ya duba dama, ya tura ƙofa ya ce in leƙa in gani da idona. Ɗakin yana nan, amma ba soso, ba gilashi, an toshe wurin an shafe da sabon fenti, har da labule a jikin bangon da ba taga. Ana jin teku sarai. Da muka juyo za mu fita ya yi magana ba tare da ya motsa leɓe sosai ba. "Rana ɗaya aka kwashe komai. Yalla, ku tafi, ina da iyali. Kada ku sake dawowa."

Haka Ammi ya yi ta magana duk Alhamis har Khala ta kusa fita takaba. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda ta koma. Tun daga Laraba take fara kuka tana tsine wa akwatin, amma Alhamis na yi za ta yi wanka, ta share ɗaki, ta zauna gabansa tun kafin lokaci. Tana sane cewa kowace kalma wuƙa ce a wuyan 'yarta, ta kuma kasa kashe muryar mijinta. Wata rana kawai aka sa wani shirin a madadinsa, ba bayani, ba a sake jin sa ba.

Duktura ta dawo sau ɗaya. Ta rame, abayar ma a hannu ta riƙo ta. Ta durƙusa gaban Khala ina zaune, ta ce ita ma a rediyo ta ji. Ta ce ƙa'idar aikin ita ce duk kaset ɗin da ta ɗauka ta miƙa wa jami'a, jami'a kuma ta ba gidauniyar da take biyan kuɗin binciken kwafi. Mutumin da ya ce zai kai saƙon ma ta hannun gidauniyar ta san shi. Da ta koma ta bi sawu, sai ta tarar gidauniyar ba ta da ko ofis, akwatin gidan waya ne kawai. Kuɗin na hukumar leƙen asirin ƙasarsu ne, an bi da shi ta bayan gida, manyan jami'ar wasu sun sani sun yi shiru. Ta rantse ita ba ta sani ba. Har yau ban yanke hukunci ba ko gaskiya ta faɗa, amma kukanta dai na gaske ne. Khala ta jawo buta, ta ɗauki kwano, ta yi ta zuba shayi har ya cika ya tumbatsa yana zuba a kan tire, sannan ta miƙa mata da hannu biyu. Baturiyar da ta yi karatun al'adunsu ta san abin da aka ce mata. Ta tashi ta fita.

Da hajji ya zo na raka Khala inda alhazan ƙasarsu suke sauka. Ta yi musu sallama da yarensu, ba wanda ya amsa. Wani dattijo da ya taɓa kawo musu labari yana hango ta ya tsallaka titi. Haka aka yi shekara ta gaba, da wadda ta biyo. Wajen shekara goma ba ta san ko 'yarta tana raye ba. Idonta ya yi rauni, ni nake kai mata abinci, kullum addu'arta ɗaya, in yarinyar ta mutu Allah Ya sa ba da wahala ba.

Sai Allah Ya rushe mulkin can, alhazansu suka fara zuwa jirgi-jirgi. Wata safiya wani mai tamis ya rako wata mata har ƙofar Khala, tsohuwa ce ita ma, furfura ta fito ta gefen ɗankwali, haƙoran gaba na ƙarfe. Tambaya ta yi ta yi daga tanda zuwa tanda har ta iso. Ba zan iya kwatanta haɗuwarsu ba. Khala ta riƙa shafa fuskarta da hannu tana kiran ta jaririyata, matar da ta haura sittin.

Bayan kwana biyu, ina zaune, Khala ta yi ƙarfin halin tambayar abin da ya faru, tana juya mini da Larabci. Matar ta ce a aji aka zo aka ɗauke ta gaban ɗalibanta. Aka kore ta daga aiki, ta koma sharar asibiti. Mijinta ya sake ta don ya tsira da nasa aikin. Ɗanta aka cire shi daga jami'a, aka sa shi soja, aka tura shi Afganistan, gawarsa aka dawo mata da ita a akwatin ƙarfe a rufe. Ta faɗi duk wannan ba hawaye, kamar mai ba da labarin wata. Khala ta ce, "Kin tsine wa ubanki?"

Ta girgiza kai. Ta ce a ofishin 'yan sanda suka kunna mata kaset ɗin, suka ce wannan ubanki ne? Tun daga kalmar farko ta gane, don ya kira ta da sunan da kakarta kaɗai take kiran ta da shi. "Amma na ce musu ban tabbata ba, su sake sawa. Suka sake. Na ce har yanzu ban gane ba. Kwana uku suna dukana suna kunna mini, ni kuma ina cewa su sake. Su a ganinsu taurin kai nake yi. Ni ubana nake saurara."

Sannan ta juyo ta dube mu, fuskarta ta yi haske kamar ta yarinya, ta tambaya ko kaset ɗin yana nan a gidan, tana so ta ji shi sau ɗaya ba tare da kowa na tsaye a kanta ba.  Ba mu da shi, ba a taɓa ba mu ba. Waɗanda suka sace muryar suna da ita a ajiye, waɗanda suka dake ta saboda muryar su ma suna da tasu, wadda aka yi saƙon dominta ce kaɗai ba ta da komai. Da ta gane, sai a lokacin ta yi kuka.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na ga an saye shi. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, amma ni na ga inda bakin bai yi laifi ba, ƙauna ce ta buɗe shi, kunnen da ya saurara ne na haya. Wanda ya zauna a gabanka yana jin damuwarka zai iya zama mutumin kirki, ya yi kuka tare da kai da zuciya ɗaya, alhali shi ma aiko shi aka yi bai sani ba. Don haka duk wanda ya zo neman labarinka, kafin ka tambaye shi me zai yi da shi, tambaye shi wa ya biya masa kuɗin mota. In bai sani ba, ka ba shi ruwa ya sha, ka yi masa addu'a, ka bar sunan 'ya'yanka a cikinka.